Adashen Yara

Ni ne na ƙirƙiro adashen yara a unguwarmu. Har yau idan maganar ta taso ba na musu, sai dai in nemi a canza hira.

Sunana Zailani. Shekarata goma sha tara ina aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata a Abuja, ina kwana a Keffi. Wanda bai san wannan rayuwar ba zai ce gari biyu nake zaune. Uku ne: Keffi, da Abuja, da cunkoson Mararaba, kuma a na ukun na fi daɗewa. Mu uku muke haɗa mota, ni da maƙwabtana biyu, Gamaliel da Mijinyawa, kowa da makon da yake tuƙi. Ana idar da sallar asuba mu ɗau hanya, ba ma dawowa sai an yi magariba. Akwai lokacin da 'yata ta tambayi uwarta ko a Abuja nake da gida, nan kuma zuwa nake yi in yi wanka.

Matata Zubaidatu ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. Yaranmu biyu, Akram mai shekara tara da Jannat mai shekara shida. Lokacin karatu abin yana tafiya da kansa. Boko ta riƙe su zuwa ƙarfe biyu, Islamiyya ta karɓa zuwa la'asar sakaliya, uwarsu ta kwaso su. Dogon hutu ne yake tona mana asiri. Mako shida cur, yara biyu, iyaye biyu da babu wanda gwamnati ta ba hutun damina a cikinsu.

Babu abin da ba mu gwada ba. Mun sa su lesin, amma lesin ƙarfe goma sha biyu yake tashi, kamar waɗanda suka tsara shi sun ɗauka iyaye rabin yini suke aiki. Mun ɗauki 'yar aiki, ta yi wata huɗu ta ce za ta je ganin gida, har yau tana ganinsa. Mun kai su wurin mahaifiyata, Inna Hajo, a Nasarawa. Akram ya dawo da danƙon harbin tsuntsu, da tabo a goshi, da wasu kalmomi guda uku da ni kaina sai da na shiga sakandare na ji su. Inna kuma ta ce gwiwoyinta sun yi murabus. Sau ɗaya na tafi da su ofis. Ba zan yi dogon bayani ba, amma akwai wata takarda a ma'aikatarmu da ke ɗauke da hatimin darakta sau goma sha ɗaya, ɗaya a ciki a kife.

Shekarar da nake ba da labari, hutun ya zo da ƙarin nauyi. An zaɓi Zubaidatu ta je wani kwas na ungozoma a Jos, mako biyu, da jarrabawa a ƙarshe. Sai da takardar kwas ɗin za ta samu ƙarin girma, kuma wannan ne karo na uku da aka sa sunanta. Na farko, Akram ya yi ƙyanda, ba ta je ba. Na biyu, ta je. A kwana na uku wani mutum ya buga mata waya ya ce Jannat ta ƙi cin abinci, ya rasa yadda zai yi. Ta haɗa kayanta ta hau motar Keffi. Da ta iso ta tarar da yarinyar tana cin ƙosai a ƙofar gida. Mutumin nan ni ne.

Shugabarsu a asibiti ta faɗa mata a fili cewa babu karo na huɗu, akwai ƙananan ma'aikata da suke jiran gurbin.

Ranar da ta kawo takardar ta ajiye ta a kan cinyata ta ce, "Baban Akram, karanta kwanan watan da kyau. Mako biyun ƙarshe na hutu ne."

Na ce, "Na gani. Ki bar komai a hannuna."

"A hannunka na bari wancan karon."

"Wancan karon babu tsari. Ni fa tsare-tsare ne aikina."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mazan da ke suma a ƙofar ɗakin haihuwa. Ta ce, "To ga nawa tsarin. Kullum bayan magariba ni zan kira, in ga yarana. Kai kada ka kira ni. In na ga kiranka, na san dawowa ce, kuma zan dawo, ba zan tsaya tambaya ba. Amma in na dawo, ba zan ƙara cika fom ɗin kowa ba har in yi ritaya."

Ba da faɗa ta faɗi haka ba. Da faɗa ne da ya fi mini sauƙi.

Washegari a cunkoson Mararaba, muna tsaye daura da wani mai sayar da gasasshiyar masara wanda ya riga ya san mu da suna, dabara ta faɗo mini. Na ce, "Jama'a, mota muke karɓa-karɓa, me zai hana mu yi karɓa-karɓar yara? Hutu mako shida ne, mu uku ne. Kowa ya ɗauki hutunsa na shekara mako biyu, ya zauna a gida, a tara masa yaran gida uku. Adashe ke nan, sai dai maimakon kuɗi yara za a zuba."

Mijinyawa, wanda matarsa ke aikin banki ba ta dawowa sai dare, ya ce, "Wallahi Malam Zailani, ashe albashin da ake ba ka ba duka ne asara ba."

Gamaliel yana riƙe da sitiyari. Matarsa Lea, Maman Vera, tana da shagon kitso a bayan tsohuwar kasuwa, kuma hutu ne lokacin da ta fi cika da aiki. Bai ma juyo ba ya ce, "Na ɗauki farko."

Mijinyawa ya ce, "Na biyu."

Saurin da suka yi ya kamata ya sa ni tunani. Bai sa ni ba, don ni dama ƙarshe nake so. Dalilin da na faɗa wa Zubaidatu shi ne ya dace da tafiyarta. Dalilin da ban faɗa wa kowa ba shi ne na yi lissafi: yara bakwai ne, nawa biyu, na Gamaliel uku, na Mijinyawa biyu. Zuwa makon ƙarshe, a ganina, sun gaji da wasa, wasu ma an kai su ƙauye gaida kakanni. Zan samu huɗu ko biyar, masu laushi, in kunna masu talabijin in karanta jarida. Na rubuta jadawalin a takardar ofis, na yi masa layi-layi, na sa hannu a ƙasa.

Mako huɗu na farko abin ya tafi kamar an shafa mai. Gamaliel ya koya masu shuka alayyafo a buhun siminti. Mijinyawa ya koya masu ludo da yadda ake maguɗi a cikinta. Labari ya zaga unguwa, mata suna nuna ni a hanya, har wani malamin jami'a ya tsayar da ni a masallaci ya ce in rubuta abin a takarda. Na ce masa ina kan tunani.

Ran Lahadi na raka Zubaidatu tasha. Ta yi wa Jannat kitso ƙanana tun daren Asabar, wanda ta ce zai kai mako biyu idan ba a taɓa shi ba. Ta maimaita "idan ba a taɓa shi ba" tana kallona. Motar ta tashi, na ɗaga mata hannu kamar mutumin da ya san abin da yake yi.

Litinin da safe na buɗe ƙofa na ga Gamaliel tsaye da yara shida.

Na ce, "Gamaliel, uku na sani."

Ya ce, "Oga, waɗannan na ƙanena ne, daga Agwada. Jiya suka sauka. 'Yan hutu."

Ban gama rufe baki ba Mijinyawa ya ɓullo da huɗu. Biyu nasa, biyu na yayarsa. 'Yan hutu.

A nan ne ƙwaƙwalwata ta buɗe, a makare kamar ofishinmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a farkon hutu ake turo yaran ƙauye ba. Farkon hutu suna gona. Sai an gama noma na biyu, saura mako biyu a koma makaranta, ake sa su a mota zuwa wurin kawu ko baffa da ke birni, su ga wutar lantarki, a ɗinka masu yunifom, a saya masu littafi da takalmi, su koma. Ni kaina haka aka riƙa turo ni Keffi daga Nasarawa shekara bakwai a jere, da 'yar jakar leda da kaza ɗaya a ɗaure. Wannan ne ma ya sa na san garin. Na zauna na tsara jadawali mai layi-layi, na manta da yadda aka yi na zo.

Na ce, "Kun sani. Wallahi kun sani."

Gamaliel ya ce, "Kai ne mai tsare-tsare, Oga. Mu direbobi ne." Suka shiga mota suna dariya, har Mijinyawa yana leƙowa ta taga yana cewa in gaida jarida.

Ƙarfe goma wani ɗan acaba ya tsaya a ƙofar gida da yara biyu da buhun gyaɗa. Inna Hajo ce ta turo 'ya'yan ƙanena. Na buga mata waya na ce, "Inna, ai da kin sanar da ni."

Ta ce, "Wa ya taɓa sanar da kawunka lokacin da nake tura ka? Ka auna ƙafar ƙaramin da kyau, takalmin bara ya matse shi."

Goma sha huɗu.

Na buɗe rajista, tunda abin da na iya ke nan. Ranar farko na jera su a tsakar gida ina kiran suna. Na kira Abba, mutum uku suka amsa. Na kira Ummi, biyu. Yaran Agwada kuma kowanne yana da sunan coci, da sunan gida, da sunan da 'yan uwansa ke tsokanarsa da shi, kuma na ukun kaɗai yake amsawa. Zuwa Laraba na rufe rajistar na koma ƙirga kawuna. Safe, goma sha huɗu. Lokacin abinci, goma sha huɗu. Yamma, goma sha huɗu, a miƙa wa iyaye. A ofis ma haka muke yi, in adadi ya cika ba a tambayar su wane ne.

Ba zan ɓoye ba, na wahala. Na koyi cewa tukunyar shinkafa da wake da ke ciyar da mutum huɗu kwana biyu, a wurin yara goma sha huɗu ɗanɗano ce. Na koyi cewa in gida ya yi tsit to ana ɓarna. An tsinke mini igiyar shanya sau biyu. An wanke mini rediyo da sabulu, da kyakkyawar niyya. Wata rana aka yi ruwa tun safe har la'asar, muka yini a falo mu goma sha biyar, na fahimci dalilin da ya sa malaman firamare suke tsufa da wuri. Amma kullum bayan magariba idan Zubaidatu ta kira ta bidiyo, sai in sa riga mai guga, in zauna a gefen falon da ba a ɓata ba, in ce lafiya lau.

Ta ce, "Ka rame."

Na ce, "Motsa jiki nake yi."

Kitson ne ya kayar da ni. A farkon mako na biyu 'yan matan suka yi wasan girki da yashi, kan Jannat ya zama tukunya. Ta yini tana susa. Na duba na ce wannan abu ne mai sauƙi: a tsefe, a wanke, a mayar. Kitso ai igiya uku ce ake harɗawa, na ga ana yi shekara goma sha biyu a gidana. Tsifar ta ɗauke ni awa biyu. Wankin ya zo da kuka. Da na zo mayarwa sai gashin ya tashi tsaye ya ƙi sanina. Na yi ƙoƙari na kafa guda uku, ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kalli Akwanga, na ukun ya warware tun ina riƙe da shi. Wata 'yar Agwada mai shekara takwas ta tsaya tana kallona da tausayi, ta ce, "Baba, ka bari kawai."

Daga ranar, in lokacin waya ya yi, sai in sa wa Jannat hijabin Islamiyya. Litinin ta wuce. Talata ta wuce. Ran Laraba Zubaidatu ta ƙura wa yarinyar ido, sannan ta ce, "Jannat, zafin nan da hijabi? Gobe ki cire in ga kanki."

Jannat ta juyo ta kalle ni. Na kalli silin.

Alhamis ce ranar jarrabawarsu ta rubutu, Juma'a ta gwaji a asibiti, Asabar ta dawo. Kwana biyu suka rage mini. Na kwana ina tsara yadda zan ce wayar ta lalace, sai murya kawai.

Ranar Alhamis da azahar na zuba abinci faranti goma sha huɗu. Na ƙirga kawuna, goma sha huɗu. Aka cinye, aka sha ruwa, aka zubar da rabi. Na zauna a kujera na ɗauki jaridar da na saya tun ranar Litinin ta makon jiya. Ina shafi na biyu Akram ya zo ya tsaya a kaina.

"Baba, ina Jannat?"

"Tana nan. Kun cika."

"Ba ta nan."

"Akram, na ƙirga ku. Sha huɗu."

Ya nuna wani yaro mai jar riga da ke lasar faranti a gindin mangwaro. "Wancan ɗan mai facin taya ne na bakin titi. Ɗazu ya shigo cin abinci."

Na tashi. Na ƙirga, sha huɗu. Na sake ƙirgawa, wannan karon ina duban fuska, abin da rabona da yi tun Laraba ta makon jiya. Na leƙa ɗaki, bayi, ƙarƙashin gado, bayan tankin ruwa, cikin mota. Na tambayi yaran yaushe suka gan ta. Ɗaya ya ce da safe, ɗaya ya ce yanzu-yanzu, ɗaya ya ce wace ce Jannat. Takalminta ba ya bakin ƙofa. Hijabin ma babu.

Na fita da gudu, da silifas ɗaya nawa ɗaya na Akram. Na tsaya wurin mai faci na ce ya tsare mini ƙofa kada yaro ko ɗaya ya fita, tunda dai akwai nasa a ciki. Na bi layinmu gida-gida. Na je Islamiyya, a rufe. Na je shagon mai alawa. Na je wurin mai markaɗe. Kowa sai ya ce, "Wace, mai hijabi ruwan toka? Ai yara masu hijabi ruwan toka suna da yawa, Malam." Sai na tuna an kwana ana ruwa, kuma rafin Antau ba shi da nisa da mu, kuma a watan Agusta ba rafi ba ne. Na tsaya a kan gada ina kallon jan ruwa yana wucewa da ledoji da reshen bishiya. 

Na ciro waya. Ƙarfe uku saura kwata. Na san abin da kirana yake nufi, ita ta faɗa da bakinta. Shekara shida tana jiran takardar nan, saura kwana ɗaya. Na kuma san in wani abu ya samu yarinyar nan, uwarta tana Jos tana amsa tambayoyi ba ta sani ba saboda ni ina tsare mutuncin jadawalina, babu takardar da za ta gyara wannan. Wancan karon don ƙosai na kira. Na daɗe ina kallon sunanta. Na danna.

Ta yi ƙara har ta katse. Suna cikin jarrabawa, wayoyi suna jaka. Amma kiran ya riga ya tafi, yana can zaune yana jiranta.

Na kira Gamaliel a ofis na faɗa masa. Ya ce, "Oga, tsaya. Numfasa. Ka je shagon Lea?"

"Me zai kai ta kasuwa? Ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba."

"Mamanta tana kai ta kitson salla a can, ko ba haka ba? Yarana sun ce kan yarinyar ya zama abin kallo. Je ka duba."

Ashe har Abuja an san labarin kan.

Na tare ɗan acaba. Tsakanin gidanmu da bayan tsohuwar kasuwa akwai babban titi guda, wanda tireloli ke bi, ni kaina sai na yi addu'a nake tsallaka shi. Na ɗaga labulen shagon ina haki. Mata huɗu suna zaune, rediyo yana waƙar coci a hankali. A ƙasa, kan 'yar kujera, tsakanin gwiwoyin Lea, ga Jannat, rabin kanta an kitse shi tsaf, rabi yana tsaye yadda na bar shi. Tana cin dafaffiyar gyaɗa.

Lea ta ce, "A'a, Baban Akram, har ka zo? Ai da saura. Wanda ya yi wa yarinyar nan wannan aiki, Allah ya yafe masa."

Na ce, "Maman Vera, wa ya kawo ta?"

"Ita ta zo. Ta ce kai ka aiko ta." Ta tsayar da hannu ta dubi ƙafafuna, silifas biyu ba iri ɗaya ba. "Yesu! Ba kai ka aiko ta ba?"

Na durƙusa a gaban yarinyar. Na shirya faɗa tun daga kan gada, amma da na buɗe baki babu shi. Na ce, "Jannat, wa ya tsallakar da ke titi?"

"Wata mai awara. Na riƙe mata zane."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta dubi matan, sannan ta rage murya kamar tana rufa mini asiri. "Za ka ce kai za ka yi. In Mama ta ga kaina za ta dawo. Kuma ta ce in ta dawo shi ke nan."

Ashe ranar da ake kafa mini doka, akwai wadda take bayan kujera tana ji. Ni na kwana ina tsara ƙaryar lalacewar waya, ita ta kwana tana tsara hanyar kasuwa. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Malam, tashi daga ƙasa, akwai gashi." Ban tashi ba.

A nan wayar ta yi ƙara. Zubaidatu.

Ba ta yi sallama ba. Ina jin iska da hayaniyar mutane a bayanta, da ƙarar zif ɗin jaka. "Na fito na ga kiranka. Ina hanyar tasha. Wane ne, Akram ko Jannat?"

Ƙarya uku suka zo mini a lokaci ɗaya, kuma duka masu kyau ne: yara ne suka danna, aljihu ne ya danna, gaisuwa ce. Lea tana kallona, kibiyar kitso a hannu.

Na ce, "Jannat ce. Ta ɓace mini wajen awa biyu, ban ma san ta ɓace ba sai da Akram ya faɗa. Na neme ta har rafi, a can na kira ki. Yanzu ga ta a shagon Maman Vera, lafiyarta lau. Ni na tsefe mata kai ranar Litinin. Kada ki taho."

 Na ji ta ajiye jakar.

"Kunna bidiyo. Ba ni ita."

Na miƙa. Jannat ta riƙe wayar da hannu biyu, ta juya mata gefen da aka gama, ta ɓoye ɗayan. "Mama, kin gani? An kusa gamawa. Kada ki dawo."

"Juya ɗaya gefen."

Ta juya a hankali. Na ji wani sauti daga wayar, ban san ko kuka ba ne ko dariya, ina jin ita ma ba ta tantance ba. Lea ta sunkuyo ta ce, "Maman Akram, ki zauna ki gama abin da ya kai ki. Kafin magariba kan nan zai dawo kan mutum. Gobe kuma zan rufe shago da rana in je in duba maigidanki, shi ne ya fi buƙatar kulawa."

Zubaidatu ta ce a ba ni. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Baban Akram."

"Na'am."

"Kai kana nan. Jannat tana nan. Wa ke tare da sauran?"

"Mai faci."

"Wane mai faci?"

Ban tsaya bayani ba, na miƙa wa Lea wayar na fita neman acaba. Na tarar mai faci ya cika alƙawari, babu wanda ya fita. Sai dai ya bar wasu uku sun shiga.

Ba ta taho ba. Ta koma masauki da jakarta, ta yi gwajin Juma'a, ta sauka a tashar Keffi ran Asabar da azahar. Ni kuwa ranar Juma'a na sake buɗe rajistar, na zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya har na san Abba na wane gida ne, da sunan da kowane ɗan Agwada yake amsawa. Ɗan mai faci ma na rubuta shi, tunda dai ya riga ya zama ma'aikaci.

A tasha ta fara duba kan Jannat, layi-layi, kamar mai duba fayil. Ta duba goshin Akram. Sannan ta zo kaina. Muna tafiya wurin mota, yaran suna gaba suna rigimar wanda zai ja jaka, ta ce, "Ka kira."

Na ce, "Na kira."

"Da na dawo na ji labarin nan a bakin Maman Vera, na duba wayata ban ga kiranka ba, da ba zan ƙara bar maka su ba ko zuwa kasuwa ne." Ta gyara mayafi. "Amma kitso, Baban Akram, ko bayan raina."

Takardar ta iso bayan wata biyu. Tana rataye a falo, daidai gefen nan da nake zama in yi ƙaryar lafiya lau. An ƙara mata girma a farkon shekara, yanzu ita take tsara wa wasu lokutan aiki, kuma na lura ba ta taɓa neman shawarata ba.

Adashen yana nan, gida bakwai ne yanzu a ciki. Da hutun bana ya matso, muna tsaye a Mararaba, na yi gyaran murya tun kafin kowa ya yi magana na ce na ɗauki farko. Gamaliel ya ce an riga an yi zama, an ga cewa mako biyun ƙarshe yana buƙatar mutum mai ƙwarewa. Mijinyawa ya ce babu hamayya. Na tambayi yaushe aka yi zaman, tunda kullum tare muke a motar. Suka ce lokacin da na sauka sayen masara.